Kafin Ka Sake Shiga Situdiyo, Ɗana

Ran nan bayan la'asar ka same ni a ƙofar gida, ka durƙusa ka gaishe ni, sannan ka miƙo mini waya ka ce, "Baba, saurari wannan, tawa ce." Na saurara har ƙarshe, na sa maka albarka, ka tashi kana murna. Akwai maganar da ban so in yi maka a lokacin ba, ita ce na zauna nake rubutawa yanzu. Kai kaɗai ka zo, amma na san irinku suna da yawa, maza da mata, daga Kano da Kaduna har Maraɗi da Damagaram, kowa da waƙarsa a cikin waya yana jiran ranar da zai yi tashe. Muryarka tana da zaƙi, ba daɗin baki nake yi maka ba. Sai dai na ga masu muryar da ta fi taka sun zo sun wuce, yau in an ambaci sunansu sai an yi ta lalube kafin a tuna ko su wane ne.

Ni ban taɓa zama mawaƙin da aka sani ba. Ina yaro na fara bin wata ƙungiyar makaɗan kalangu ina ɗaukar musu kaya, da muryata ta nuna aka sa ni cikin 'yan amshi. Da kaset ya yi ƙarfi na koma kasuwar Ƙofar Wambai ina saye da sayarwa, daga baya na yi shekaru a situdiyo ina ɗaukar muryoyin mutane. Iyakar abin da na dogara da shi ke nan wajen yi maka magana.

Kalmar da ta tsaya mini a rai ita ce "tawa ce". Ka tuna na tambaye ka wa ya yi maka kiɗan, ka ce wani yaro ne a Titin Gidan Zu, sunansa ya kwanta maka. Na ce muryar macen da ke amshi fa, ka ce wata ce aka kirawo a ranar, ka ba ta kuɗin mota. Baiti na biyu kuma, wanda ya fi kowanne daɗi, ka ce abokinka ne ya ɗan taimaka. Mutum huɗu ke nan a cikin waƙar minti huɗu, amma sunan mutum ɗaya ne a kanta.

Bahaushe in zai ambaci mawaƙin baka yakan ce makaɗi, ko da hannunsa bai taɓa ganga ba, domin a wurinsa waƙa da kiɗa da masu yin su tafiyarsu ɗaya. Ƙungiya tana da jagora, tana da masu kiɗa, tana da 'yan amshi, tana da sanƙira mai tuna wa jagora wane ɗan wane ne, me ya bayar. In ka saurari Alhaji Mamman Shata da kunnen mai koyo, za ka ji amshinsa gajere ne, ana ta maimaita shi ba gajiya. Mai saurare yana ɗauka ado ne kawai. Mu da muka yi amshi mun san amfaninsa: a cikin ɗan wannan lokacin ne jagora yake numfashi, yake duban fili, yake ƙulla ɗan waƙar da zai biyo. In 'yan amshi suka makara da ƙiftawar ido, ko mai kalangu ya yi gaba ya bar shi, waƙar ta zube komai fasahar jagora. A wajen makaɗan fada kuwa abin ya fi haka tsanani. Su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, jagora yakan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, 'yan karɓi su cafe su ƙarasa kamar bakinsu ɗaya. Wannan ba ya samuwa sai an zauna a gida an yi ta tisawa kwana da kwanaki kafin a je gaban sarki. Shi kansa Ɗanƙwairo ya daɗe a bayan mahaifinsa, sannan a bayan wansa Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Ya rasu a 1991, Shata a 1999, har yau kuma ana jin su a motocin haya da shagunan teloli.

Za ka ce ai Ɗan Maraya Jos shi kaɗai yake waƙa. Gaskiya ne, shi da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya suka zaga duniya har ya rasu a 2015. Amma aikin mutum uku ya ɗauka ya aza wa kansa: shi ne mai kiɗa, shi ne jagora, kuntigin ne ke yi masa amshi. Ranar da ka iya haka, ka ce "tawa ce" ba mai ja da kai.

Abin da ke riƙe ƙungiya rabo ne. A tamu, in an tashi daga wasa, ana shimfiɗa tabarma a zube liƙin da aka samu a gaban kowa, a ƙirga, jagora ya ɗauki kasonsa mai tsoka, sauran a raba bisa matsayi, har ni mai ɗaukar kaya ina da abin da nake samu. Ba wanda ya taɓa ƙorafin kason jagora ya yi yawa, kowa ya san shi ne gaba. Abin da ya kashe mu shi ne ranar da aka fara kiran maigidanmu gefe ana ba shi ambulan, ya sa a aljihu bai kawo tabarma ba. Ba wanda ya tanka. Bayan wata biyu babban mai kalangunmu ya ce zai je ganin gida, bai dawo ba. Aka ɗauko wani, hannunsa da kyau, amma bai san inda maigida ke shaƙar numfashi ba. Kafin shekara ta zagayo gayyata ta ja baya. Muryar maigidan nan ba ta canza ba ko kaɗan har ya bar duniya, mutanen da ke tallafe da ita ne suka watse. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da na sarkin makaɗa ne.

Kada ka ɗauka kukan zamanin da ya wuce nake yi. A gaban idona fiyano ya shigo. An fara fim ɗin Hausa na bidiyo da Turmin Danya a 1990, kafin shekara goma ta cika waƙa ta zama ita ce ke sayar da fim, musamman bayan Sangaya, wanda kiɗansa ya shiga kowane gida. Yaro ɗaya da Yamaha a gabansa ya riƙa fitar da amon kalangu da sarewa da ganga, aikin da a da sai an tara mutum goma. Tsofaffi suka yi ta tsaki, ni kuwa na ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Wannan sauyin ne ya buɗe ƙofa ga wanda ba a haife shi a gidan kiɗa ba. A da yawanci sana'ar gado ce, ana kuma kallon mai yin ta a matsayin maroƙi, wani gidan ko 'ya ba za a ba shi ba. Yau ga Aminu Ala, wanda ya fara da rubuta littattafai, ga Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Nazifi Asnanic da Ali Jita, ga 'yan hip-hop irin su ClassiQ da DJ AB da suka ɗora Hausa a kan wani kiɗa dabam. Alheri ne. Illarsa ita ce ƙungiyar tana nan, amma ta daina haɗuwa a ɗaki ɗaya. Mai kiɗa ya yi nasa da safe ya tafi, mai amshi ta zo da yamma, mai tace sauti ya haɗa da dare. Tunda ba ka gan su tare ba, sai zuciya ta raya maka kai kaɗai ne. Tabarmar rabo kuma ba wanda ya gaje ta.

Takarda ce ta kamata ta maye gurbin tabarmar nan, kuma a nan zan faɗa maka wautar da na tafka da kaina. Akwai wani kaset da muka haɗa ni da wani abokina, shi da murya, ni da tsara baitoci da kuɗin ɗauka. Wani ɗan kasuwa ya saurara ya ce zai saya gaba ɗaya, ya ƙirgo mana kuɗin da a lokacin muka ga kamar mun haye. Muka miƙa masa uwar kaset, muka yi musabaha, shi ke nan. Aka yi shekaru ana buga shi. Ina zaune a rumfata ina sayar da waƙar da na rubuta, ina cin ribar da kowane mai talla ke ci, ba ƙari. Ban zarge shi ba, ciniki muka yi. Abin da ya fi ciwo shi ne ni da abokin nawa ba mu taɓa zama mun ce wa ke da me ba. Da aka fara gayyatarsa biki saboda waƙar, ni na ga ina da haƙƙi, shi ya ga muryarsa ake kira. Zumuncin shekara goma sha ya mutu a kan maganar da, da mun yi ta tun farko, ba za ta ci mana rabin sa'a ba.

Ku kun fi mu gata, in kun sani. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce ba a sayar da haƙƙin waƙa ko a mallaka wa wani shi kaɗai sai a rubuce. Ta kuma bambanta waƙar da aka tsara, wato kalmomi da kari, da sautin da aka ɗauka a situdiyo, kowanne da mai shi. Haƙƙin wanda ya tsara yana nan duk tsawon ransa, ya kuma zauna wa magadansa shekara 70 bayan rasuwarsa. Ka ji fa, gado ne kamar gona. Masu ɗauko waƙoƙin Shata suna sake su da fiyano su lissafa daga 1999 su ga inda shekara 70 ta kai, sannan su je su gaida iyalinsa. A Nijar ma akwai hukumar BNDA da ke kula da wannan. To in ka biya mai kiɗa, ku rubuta: sayen kiɗan ka yi ɗungurungum, ko haya ce, yana iya sayar wa wani gobe? Na ga mawaƙa biyu sun fito da waƙa a kan kiɗa ɗaya a wata guda, magoya bayansu suna ta zagin juna a Facebook kan wa ya yi sata, alhali yaron situdiyo ne ya sayar sau biyu, kuma ba wanda ya taɓa ce masa kada ya yi.

Na san kunya za ta so ta hana ka. Mu Hausawa muna jin nauyin ce wa aboki ya sa hannu a takarda, kamar an ce ba a yarda da shi ba. To ai aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Wanda ya ji haushin takarda tun ranar farko ya rage maka wahalar saninsa.

Kasuwar ma ta tashi daga inda muka san ta. Kaset ya ba wa faifan sidi wuri, sidi ya mutu a hannun masu turi, waɗanda ke zaune bakin titi da kwamfuta suna zuba wa mutum waƙa ɗari a waya da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, mawaƙi ko sisi. Yanzu kuɗin yana YouTube da Audiomack da Boomplay da Spotify, sai kuma biki da taro. Hanyar da aka fi sani ta fara samun kuɗin talla a YouTube ita ce tasharka ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda. Saboda gajen haƙuri sai yaro ya kai waƙarsa tashar wani mai mabiya da yawa, har ya biya a ɗora masa. Waƙar ta karɓu, kallo ya taru, kuɗin ya tafi asusun mai tasha. Wani ma ya riga ka yi mata rajista da sunansa, ranar da ka ɗora abarka a taka tashar sai na'ura ta ce kai ne ɓarawo. Buɗe tasharka da lambar wayarka, kada ka bar kalmar sirri a hannun manaja ko aboki komai kusancinku, ka kuma ajiye asalin muryoyin da aka ɗauka a wuri biyu. Situdiyo yana rufewa, kwamfuta tana ƙonewa.

Yanzu bari mu koma kan waƙar da ka sa mini. A baiti na farko ka ce kana kuka, amma yadda karin ya ja kalmar, abin da kunnena ya ji kukar miya ce. Na yi dariya a zuci. Ba laifin muryarka ba ne. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kuka na hawaye da kuka ta miya, wuya ta wahala da wuya na jiki, haruffansu ɗaya, sauti ne ya raba su. Shi ya sa kalangu yake iya magana: mai kiɗa yana matsa tsirkiya yana sassautawa, yana bin hawa da saukar kalma, har mai saurare ya gane taken wane ake yi. Tsofaffin makaɗa daga cikin magana suke ciro kari. Ku kuwa sau da yawa kukan ɗauko karin da aka riga aka gama, na fim ɗin Indiya ko na Legas, sannan ku yi ta tura kalmomin Hausa ciki kamar mai cusa kaya a buhun da ya cika. Dole wata kalma ta karye. Ban hana ka aro ba, kowa yana yi, amma kayan aro ba ya rufe katara. Karanta baitinka da baki kamar kana yi wa mahaifiyarka magana, sannan ka rera. In ma'ana ta sauya tsakanin biyun, sake kalmar ko ka lanƙwasa karin.

Sai kuma ƙarancin kalmomi. Zuciya, ƙauna, hawaye, rayuwa, masoyiya: in aka hana mawaƙan yau waɗannan biyar na wata guda, rabin situdiyon Kano sai sun rufe. Soyayya ba laifi ba ce, amma duniyar Bahaushe ta fi ta faɗi. Ɗan Maraya ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da kowa ke rainawa a tasha. Ɗan Anace ya bi 'yan dambe fage fage, ga shi har yau ana ambaton Shago. Barmani Choge ta Funtuwa, da ƙwaryarta da matan da ke yi mata amshi, ta yi ta zuga matan aure su kama sana'a har ta rasu a 2013. Kowannensu ya san mutanen da yake yi wa waƙa, ya san abin da suke faɗa in sun keɓe. Wa ya yi wa ɗan adaidaita sahu waƙar da za ta rayu? Wa ya yi wa yarinyar da ke zana jarrabawa karo na uku? Je ka zauna a tasha, a maƙera, a majalisar tsofaffin unguwarku, ka kasa kunne. Nemi littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan makaɗa da mawaƙan Hausa, da tarihin Shata da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Digirin girmamawar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata a 1988, a ganina, Hausar da ke bakinsa aka ba.

Na'urar gyaran murya tana rufa asiri a situdiyo, amma ba ta bin mutum filin biki. Abin da ake yi yanzu a yawancin wasanni shi ne a sa waƙa a lasifika, mawaƙi ya riƙe makirfo yana motsa baki. Na taɓa ganin ranar da kwamfutar mai sa kiɗa ta tsaya cak a wani ɗakin taro, yaro ya tsaya da makirfo a hannu kamar an dasa shi, mata suna ta dariya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Leƙa Yamai ka ga 'yan'uwanmu. Ƙungiyar Tal National dare bayan dare suke kiɗa kai tsaye da jita da ganguna, sa'o'i a tsaye, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. Wannan gogewar ce ta sa da wani kamfanin Ingila ya fitar da kundinsu Kaani a 2013, suka hau dandamali a Amurka da Turai ba su ji kunya ba. Malam Maman Barka kuwa ya riga ya yi suna da gurmi, amma ya tattara ya tafi bakin Tafkin Chadi, ya durƙusa gaban wani tsoho ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da ya kusa ɓacewa, ya kuma kai shi duniya kafin ya rasu a 2018. Koyi kaɗa wani abu da hannunka, ko fiyano ko jita ko gurmi. Tara abokai uku ko huɗu ku riƙa tisawa ko ba gayyata.

Ba da daɗewa ba wani zai kira ka ya ce ka yi wa maigidansa waƙa, musamman in zaɓe ya matso. Ba zan ce kada ka yi ba. Yabo tsohuwar sana'a ce. Narambaɗa ya yi zamaninsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi a ta Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, kuma abin da ake samu a waƙar siyasa ɗaya yakan fi na waƙoƙin soyayya masu yawa. Amma ka san abin da kake saye, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Makaɗin fada ubangida ɗaya gare shi, in ya yi zambo ya san gidan da zai kwana. Ko a fadar ma abin yana da nauyi: da aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu a watan Maris na 2020, Naziru M. Ahmad ajiye sarautar Sarkin Waƙa ya yi, tunda wanda ya naɗa shi ya tafi. Ɗan siyasa kuwa yau yana nan, gobe yana can. Wanda aka biya ka ka zaga a wannan zaɓen, kafin na gaba sun shirya da maigidanka suna cin abinci a faranti ɗaya, kai kuma muryarka tana nan a wayoyin mutane tana cin mutuncinsa. Magana zarar bunu ce tun a zamaninmu, a naku kuwa har adana ta ake yi a intanet. In za ka yi, yabi naka da abin da ya aikata, yi habaici in ka iya shi, amma bar iyayen mutum, bar halittarsa, bar iyalinsa. Kuma karɓi kuɗinka kafin a kaɗa ƙuri'a. Na ga mutane da yawa sun tsufa suna jiran alkawarin bayan zaɓe.

Ka kuma san dokar inda kake aiki. Kano tana da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, kuma hannunta yana kaiwa ga waƙa. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 kan wani kundin waƙoƙinsa na bidiyo, an tsare Aminu Ala a 2009 kan wata waƙa. Ko an yi daidai ko ba a yi ba, wannan muhawara ce dabam. Ni dai kada ka shiga abu a makance.

Ke kuma 'yata mai irin wannan burin, duk abin da na faɗa da ke da shi na haɗa, amma akwai taki ta dabam. Rabin daɗin waƙoƙin fim muryar mata ce, amma sau nawa aka san mai ita? Jaruma ce ke motsa baki a fim, ita ake nunawa a titi, wadda ta rera tana gida. 'Yan kaɗan ne irin Fati Nijar da Maryam A. Baba, wadda waƙar Sangandale ta zame mata suna, suka fito da sunansu fili. Kafin ki shiga ɗakin ɗauka ki tambayi nawa ne, ki ce a sa sunanki. In an ce ai taimaka miki ake yi, za a fito da ke, ki tambaya ta yaya za a fito da ke ba suna. Duk wanda ya ce aikin ba ya yiwuwa sai bayan isha, ko sai kin zo ke kaɗai, ba muryarki yake nema ba. Tafi da yayanki ko ƙanwar mahaifiyarki ko ƙawa. Situdiyon kirki ba ya jin haushin ɗan rakiya, ni da na riƙe situdiyo daɗi ma nake ji. Ki sanar da iyayenki tun farko, in sun ƙi ki bi su da lallashi ta hannun wanda suke jin nauyinsa, domin wadda ke waƙa a ɓoye, duk wanda ya san sirrinta ya sami igiyar jan ta. Kuma gaskiya ɗaya ce, al'ummarmu tana yafe wa namiji abin da ba ta yafe wa mace. Bidiyon minti ɗaya a TikTok yana iya bin ki har ɗakin aure. Ba adalci ba ne, amma haka garin yake a yanzu.

Tashe yana iya zuwa, ina ma roƙa muku. Yakan zo ba sallama. A 2020, ana zaman gida saboda korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi cikin ɗan lokaci, matan aure suna rawarta suna ɗorawa. Yadda yake zuwa kuma haka yake tafiya, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda ya yi tashe yakan sami 'yan shekarun da waya ba ta hutawa. A cikinsu ne ake sayen mota kafin a sayi fili, a tara yara goma masu cewa "sai kai", ci da sha da katin kowa a wuyanka. Ranar da wayar ta yi shiru su ne na farkon komawa bayan sabon yaro. Kada ka bar makaranta, kada ka rufe shagon ɗinkinka don waƙa ɗaya ta karɓu. Mawaƙin da ke da abin yi shi ke iya cewa a'a in an kawo masa aikin zubar da mutunci.

A cikin yaran nan ne kuma wani zai miƙo maka kwalba ya ce tana buɗe murya, tana kawo basira, tana cire kunyar taro. Gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, bayan binciken BBC ya nuna ɓarnar da yake yi, har da a Kano. Na taɓa ɗaukar muryar wani yaro da yake gama waƙa a zama ɗaya. Bayan shekara biyu ya dawo, baiti ɗaya muka yi ta maimaitawa har dare, harshensa ya yi nauyi, numfashinsa ba ya kai ƙarshen layi. Ban ƙara ganinsa ba sai a bakin wata tasha, bai ma gane ni ba. Abin da murya ke so kaɗan ne: barci, da ruwa, da rage ihu a cikin hayaniya.

Ka ce mini waƙar taka ba za ta fita ba sai bayan salla. To akwai lokaci. Koma Titin Gidan Zu ka nemo yaron nan ka tambayi cikakken sunansa. Nemo lambar yarinyar da ta yi amshi. Zauna da abokinka mai baiti na biyu, ku rubuta kason kowa a takarda ɗaya, ku sa hannu, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. Gyara kukan nan na baiti na farko. In ka gama ka kawo mini in sake saurara, kuma ka zo da su ukun, ina son in gan su.